Tsofaffin injinan yankan itace da Baba ya bari: a gyara ko a kai wa 'yan gwangwan?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da mahaifinsa ya rasu ya bar injinan yankan itace guda uku a ɗakin ajiya, sun fi shekara goma ba wanda ya taɓa su. Ɗaya ƙato ne mai nauyin gaske, jikinsa fari-fari, murfinsa ruwan lemo, farantin da ke ɗauke da sunansa ya ɓalle ya ɓace. Na biyu ruwan lemo ne gaba ɗaya, ana iya karanta Husqvarna da lamba 61 a gefensa. Na uku rawaya ne, an rubuta McCulloch. 'Yan gwangwan sun taya su a kilo. Yana so ya san ko wane iri ne babban, ko za su gyaru, da inda zai samo kayan gyara.

Ƙanena, da farko Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Mai gwangwan kuma ka sallame shi da daɗin baki, domin abin da zai biya ka a kilo bai kai kuɗin kafireto ɗaya da ke jikin babban nan ba, in dai na asali ne. Sannan ina roƙonka kada ka zuba fetur ka kama jan igiya don ka ji ko zai tashi. Kusan duk wanda ya kawo mini inji irin wannan sai ya ce ya ɗan gwada shi a gida, kuma sau da yawa gwajin ne ya ƙarasa shi. Injin da ya shekara goma a kwance ba digon mai a cikinsa, zanzaro ya yi gini a hanyar iskarsa, tsatsa ta hau boris. Ka ja igiya da ƙarfi, ƙasar da ke ciki ta bi ta karce silinda, abin da za a gyara da robobi biyu ya koma sayen rabin inji.

Mu fara da babban, shi ne mai dogon zance. Ɓacewar faranti ba ta hana a gane shi, launin da ka faɗa irin na injinan Stihl ne. Kamfanin Stihl, wanda Andreas Stihl ya kafa a Jamus a 1926, yana da wata ɗabi'a da ke sauƙaƙa mana aiki: kusan kowane ƙarfe da roba na jikin injinsa akwai lamba a zube a jikinsa tun daga wurin ƙira. Cikakkiyar lambar kayan gyaransu guda 11 ce, an raba ta huɗu, uku, huɗu. Huɗun farko su ne sunan gidan da injin ya fito. Ka samu kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka cire murfin sama da murfin igiya da murfin kuloci, ka wanke cikinsu, ka haska tocila. In ka ga 1106, injinka Contra ne ko 070 ko 090. In 1111 ne, yana cikin 050, 051, 075 ko 076. 1119 gidan 038 ne, wanda daga baya ya zama MS 380 da MS 381. 1110 na 041 ne, 1108 na 08, 1122 kuma na 064 da 066. Kada ka tsaya a murfi ɗaya, don murfi shi aka fi canjawa. Ka duba wuri uku ko huɗu, musamman gangar jikin injin da ba a cika taɓawa ba. Wani abin lura: lambar da ke zube a jikin ƙarfe ba kullum take daidai da wadda ake saye da ita a kanti ba, wutsiyarta takan bambanta. Huɗun farko dai ba sa ƙarya a kan gida.

Daga yadda ka kwatanta shi, da kuma sanin abin da masu tsaga katako a ƙasar nan suka fi riƙewa, zan yi mamaki in ba 1106 ka gani ba. Kakan gidan shi ne Contra, wanda ya fito a 1959, inji mai cc 106 da mutum ɗaya ke iya ɗauka, sarƙarsa tana juyawa kai tsaye ba giya a tsakani. A 1968 aka fito da 070 da 090 a kan wannan ginin. A Turai da Amurka sun daɗe da zama kayan tarihi, amma a dazukan Afirka ta Yamma da Asiya da Amurka ta Kudu aka ci gaba da sayar da 070 shekaru da dama, saboda ba shi da tarkace, yana da ƙarfin ja a ƙaramin gudu, kuma ana iya kwance shi a gindin bishiya da sufana uku. Shi ya sa abin da Bature ke goge wa ƙura a kan kanta, mu nan yana cikin daji yana ciyar da gida.

Tsakanin 070 da 090 bambancin yana faɗin fistin. Na 070 milimita 58 ne, na 090 milimita 66, tafiyar fistin kuwa duk milimita 40 ce, shi ya ba ɗaya cc 106, ɗaya cc 137. Ba sai ka cire silinda za ka auna ba. Ka kwance salansa, ka cire fulogi, ka juya fulawil da hannu har fistin ya sauka ƙasa. Ka samu tsinken tsire ko siririn kara, ka zura ta ƙofar hayaƙi har ya taɓo bangon da ke can ɗaya gefen. Sai ka juya fulawil a hankali, fistin ya taso ya ɗan ciji tsinken. Ka sauke shi, ka zaro, ka auna daga tsini zuwa inda ya ciza. In ka samu kusa da 58, to 070 ne, ko kakansa Contra. In kusa da 66, ko dai 090 ne, ko kuma 070 ne da wani ya ɗora masa kan 090, domin silindar tana hawa, kuma masu tsaga katako sun daɗe suna yin haka don ƙarin ƙarfi. Nan sai ka leƙa kuloci: na 070 takalmi uku gare shi, na 090 shida.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka kiyaye. 076 ma fistinsa milimita 58 ne. Mai kanti zai ji ka ce 58 ya miƙo maka abin da ke kusa da hannunsa. To kama da wane ba ta wane: fil ɗin da ke riƙe fistin ba kauri ɗaya ba ne, tsayin ma ba ɗaya ba. A ido ma injinan sun bambanta, silindar 070 a tsaye take, ta 051 da 076 a kwance. Kullum ka faɗi gida tare da awo, 1106 mai 58, ba awo kaɗai ba.

Sai batun jabu, wanda ba yadda za a yi a kauce masa. 070 yana cikin injinan da aka fi kwaikwaya a duniya, kasuwanninmu cike suke da su, wasu har da suna da lambobi a jiki. Tunda na Baba ya fi shekara goma a ajiye, kuma ya yi aiki kafin nan, akwai kyakkyawan zaton na asali ne, amma ka tabbatar. Gangar jikin na asali maganiziyam ce, zubin ya fita sumul, lambobin sun fito raɗau kamar an buga hatimi. Na kwaikwayo zubinsa da kaushi, bakin ƙarfen da ƙaiƙayi, lambobin sun yi dishi-dishi. A gindin silinda ta asali sau da yawa za ka ga tambarin Mahle ko KS, kamfanonin Jamus da ke ƙera musu silinda da fistin. Kafireto kuma za ka ga an buga Tillotson da haruffan HL da lamba a gefensa. Abin da aka fi samu a hannun wanda ya yi shekaru yana aiki da inji shi ne gauraye: jiki na asali, kai na kwaikwayo, kafireto na wani injin. Wannan ba aibi ba ne, sai dai ka san wane ne wane kafin ka kashe kuɗi.

Yanzu tunda salansa na kwance, ka tsaya nan ka yi kallon da ya fi kowane muhimmanci. Ba a ajiye inji mai kawo kuɗi haka kawai, akwai abin da ya kwantar da shi, kuma yawanci a jikin fistin yake rubuce. Ka haska ta ƙofar hayaƙi kana juya fulawil. In fistin sumul yake, ringi suna motsi in ka taɓa su da tsinke, ka gode wa Allah, ciwon yana wuta ko mai, masu sauƙi ke nan. In ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa ta wannan gefen na hayaƙi, alminiyam ya narke ya shafe ringi, zafi ne ya kashe shi: ko an zuba fetur ba a gauraya da mai ba, ko an matse kafireto har mai ya yi ƙaranci, ko yana shan iska ta inda bai kamata ba. In kuwa gefen hayaƙi lafiya lau, amma ka cire kafireto ka ga gefen shigar iska ya side ya yi dusu-dusu kamar an goge shi da samfefa, ƙura ce. Garin katako da ƙurar hunturu, da matacin iska da ya yage aka ce bari a ƙarasa wannan gungumen tukuna. In kan fistin ya yi baƙin dafi mai kauri, ƙofar hayaƙi ta toshe rabi, wannan aikin baƙin man mota ne da ake gaurayawa da fetur maimakon man da aka yi don inji irin wannan.

Fistin da ya karce ba ya nufin silinda ta mutu, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Cikin silindar an shafe shi da wani ƙarfe mai tauri ƙwarai, kurom a tsofaffi, Nikasil a na baya. Abin da kake gani kamar karce sau da yawa naman fistin ne ya manne a kai. Ka zauna da samfefa mai laushi da ɗan mai, ka bi shi da yatsa a hankali, za ka ga yana tashi bangon na fitowa fes. Gwajin shi ne farce: in bayan ka goge farcenka bai maƙale a rami ba a saman ƙofar hayaƙi, silindar tana da sauran rai. Ni a wurina tsohuwar silinda ta asali da aka goge, da sabon fistin mai kyau, ta fi sabuwar kwaikwayo mai ƙyalli a kwali. Kada ka kai ta wurin masu borin kamar bulok ɗin babur. In suka ci wannan shafen, ta tashi aiki.

Ko da fistin lafiya yake, akwai robobi biyu da ba na barin inji mai shekaru irin wannan ya fita da su: oyal sil na gefe biyu na karanshaf, ɗaya bayan fulawil, ɗaya bayan kuloci. Inji mai bugu biyu da ƙasan fistin yake zuƙo mai, don haka dole ɗakin karanshaf ya zama a rufe ruf. Roba ta bushe ta tsage, sai ya riƙa zuƙar iska zalla. Alamarsa silo ya ƙi zama, inji ya riƙa haurawa da kansa, in ka kwantar da shi gefe murya ta canja. Mai gyaran da bai sani ba sai ya yi ta murɗa kafireto yana bin ciwon, har sabon fistin ya bi tsohon. Yadda ake gwadawa shi ne a toshe ƙofar hayaƙi da ta kafireto da guntun tsohon tub, a hura iska da famfo mai ma'aunin matsi har kamar rabin bar (awon matsin iska ke nan), a ga ko allurar ma'aunin za ta tsaya, a shafa ruwan sabulu a ga inda zai yi kumfa. In ba ka da wannan ma'aunin, ka canja su kawai, kuɗinsu kaɗan ne. Kafin ka rufe, ka kama bakin karanshaf ka jijjiga sama da ƙasa. In ka ji ko ɗan ƙwas, boris ya tafi, sai an raba jikin biyu. Notin kuloci a yawancin injinan nan haƙorinsa na hagu ne, ta inda ake ɗaure sauran ta nan ake kwance shi. Na ga karanshaf fiye da ɗaya da aka karya wa baki saboda rashin sanin wannan.

Wuta ba ta da wahala. Ka sa sabon fulogi, Bosch WSR6F ko NGK BPMR7A, tazarar bakinsa rabin milimita, ka jingina shi da silinda ka ja igiya a inuwa. In babu tartsatsi, fara cire wayar makashi, don sau da yawa ita ce ta goge take taɓa jiki. Tsofaffin 070 kwantak da kwandansa gare su a ɓoye bayan fulawil. Shekara goma a ajiye kan sa bakin kwantak ya yi fari, sai a goge shi da samfefa mai laushi, a bi da farar takarda har ta fito ba datti, a saita buɗewarsa tsakanin 0.35 da 0.4 na milimita. Fulawil da abin jansa ake cire shi. Guduma a kan bakin karanshaf gyaran gangar Abzinawa ce.

Kafireton ba shi da kwanon mai irin na babur, da 'yan siraran fatu na roba yake aiki, shi ya sa inji ke iya yanka a kwance ko a kife. Fatun nan su ne ke bushewa su zama kamar ganda. Ka karanta lambar da ke bin HL ka sayi saitin fatu na wannan lambar, ba wai na 070 kawai ba, tunda ba ka san ko kafireton ma nasa ba ne. Wajen kwancewa ka shimfiɗa farin tsumma, duk abin da ka ɗaga ka ɗauke shi hoto da waya, ka jera su yadda suka fito. A gefen allurar mai, gaskit ne ke fara kwanciya a jikin kafireto, sannan fata. In ka juya su, ko ya ƙi shan mai ko ya yi ta ambaliya. Akwai wani ɗan sifirin ƙarƙashin hannun allura, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa, in ya yi tsalle a ƙasar gareji sai wani ikon Allah. Kada ka zura waya a ramukan, fetur da iska sun isa. Sukurori biyu na saita mai, masu H (na cikakken gudu) da L (na silo), ka murɗa su ciki har su taɓa a hankali, ba matsewa ba, ka dawo da kowanne zagaye ɗaya. Tiyon mai da matacin da ke cikin tanki su ma sababbi.

Ka kuma duba wani ɗan faifai a kusa da fankar fulawil mai sanda zuwa cok. Gwamna ke nan, iskar fanka ke tura shi ya rage gudu in inji ya so ya wuce kima. Ofaretoci da yawa suna cire shi don su ji inji na kuka. 070 ba don kuka aka yi shi ba, fistinsa nauyi gare shi, gudun da ya wuce ƙa'ida boris ɗin sandar fistin yake ci. In ka tarar an cire, ka nemo ka mayar.

Kayan gyaran 1106 ba su da wuyar samu, mai kyau ne ke da wuya. A Kano ka zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, a Kaduna Fanteka, in ta kama a aika Legas ko Anaca. Wanda ke Gana ya san Suame Magazine a Kumasi, na Yamai kuma Katako. Amma wurin da na fi samun abin kirki shi ne garuruwan da ake tsaga katako, wurin masu gyaran da ke da matattun injina jibge a bayan shago. Mataccen inji na asali da ya fashe a jiki, amma kafireto da fulawil da karanshaf suna nan, ya fi buhun sababbin kwaikwayo. In za ka kasuwa ka tafi da tsohon abin a aljihu, ka ɗora shi kan sabon a gaban mai kanti. Robobi, gaskit, igiya, murfi, matacin iska, duk na kwaikwayo suna yi. Abin da ke juyawa da gudu a cikin inji kuwa, nan ba na neman araha.

Na koyi wannan da kuɗina. Na taɓa sayen fistin a wani kanti, kwalinsa har da hatimi mai walƙiya, na haɗa shi da 'yan zobban waya da suka zo tare da shi, waɗanda ke tare fil ɗin fistin. Inji ya tashi kamar sabo. Kwana uku mai shi ya dawo da shi a buhu. Zobe ɗaya ya fita daga gurbinsa, ya shiga tsakanin fistin da bango, ya haƙa rami tun daga ƙasa har sama a silinda ta asali da ta yi shekaru ba abin da ya same ta. Ni na biya. Tun daga ranar, zoben nan sai na asali, in zaunar da shi in juya shi da tsinke in ji ya faɗa gurbi, buɗaɗɗen bakinsa yana kallon sama ko ƙasa, ba gefe ba. Kibiyar da ke kan fistin kuma ƙofar hayaƙi take kallo.

Sarƙa da faffaɗan ƙarfen da take zagayawa, wanda ni takobi nake ce masa, abu uku ake dubawa. Na farko tazara: ka auna tsakanin ƙusoshi uku a jere ka raba biyu. Ta 070 ita ce .404 na inci, matsakaitan injina 3/8. Na biyu kaurin ƙafar da ke shiga kwarin takobi, a 070 milimita 1.6. Na uku yawan ƙafafun, ka ƙirga su, kada ka dogara da tsawon takobi. Dole tazarar sarƙa ta dace da haƙoran da ke jan ta a bayan kuloci. Gindin takobi ma gida-gida ne: na manyan Stihl lambarsa tana farawa da 3002, na matsakaita irin 038 da 3003, ba sa hawa kan juna. Magagarin wasa .404 mai kaurin milimita 5.5 ne. In za a datse gungume a gicciye ana wasa haƙori a kan digiri 30, in tsaga katako za a yi a tsaye, wajen digiri 10. Siffar haƙorin nan mai lanƙwasa, in ka lura, daga tsutsa aka samo ta. Wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya tsaya yana kallon yadda tsutsar ƙwaro ke cin kututture da muƙamuƙanta hagu da dama, ya kwaikwaya, ya fara ƙera sarƙar a 1947. Har yau ita muke wasawa.

Husqvarna 61 ba zai ba ka wahala ba, kuma in don aikin gona da itacen girki ne, shi zan ce ka fara gyarawa, ya fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba. Ɗan Suwidin ne, gidansu ɗaya da 266, 268 da 272, har da Jonsered 625, 630 da 670, kaya da yawa suna shiga juna. Fistin 61 milimita 48 ne, na 266 da 268 hamsin, na 272 kuma 52. Lambobin kayansu guda 9 ne, da yawa suna farawa da 501 ko 503. Abu biyu ke rikita masu saye: na farkon fitowa kwayil ɗinsu gida biyu ne, na baya guda ɗaya, kuma haƙorin da kuloci ke ɗaurewa a kai akwai mai gwaɓi akwai mai laushi. Ka duba naka kafin ka aika a sayo. Ɗan farantin da ke jikinsa yana ɗauke da shekara da makon da aka ƙera shi.

Rawayan nan kuwa, shawarata ta bambanta. McCulloch kamfanin Amurka ne da ya yi tashe bayan ya fito da 3-25 a 1949, inji mai nauyin fam 25 da mutum ɗaya ke aiki da shi, a lokacin da yawancin injina sai mutum biyu. Mai kamfanin, Robert McCulloch, shi ne attajirin da ya sayi tsohuwar gadar Landan a 1968, aka kwashe duwatsunta aka sake gina ta a Arizona. Kamfanin ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1990, sunan ya koma hannun wasu, injinan da ake sayarwa da sunan yanzu ba su haɗa komai da naka ba. Ma'ana ba mai ƙera yawancin kayansa, sai ragowar tsofaffin kantuna da matattun injina, kuma kusan duk suna Amurka. Ka kifa shi ka goge ƙasan jikinsa, a nan aka fi buga lambar samfurin. Notocinsa awon inci ne, sufanar milimita za ta cinye musu kai. In ka yi sa'a kafiretonsa Tillotson ne ko Walbro, za a samu fatu. In irin wanda McCulloch suka ƙera da kansu ne, sai haƙuri da dogon nema.

Ni da nawa ne, ba zan kai shi daji ba. Zan wanke shi, in ɗiga mai ta ramin fulogi, in juya shi ya saki, in ajiye. Masu tara irin waɗannan a Amurka da Turai da Ostireliya abin da suke nema shi ne inji cikakke da fentinsa na asali da tambarinsa da farantinsa, ko da ya koɗe. Ranar da ka kai shi wurin mai fentin babur ya fesa masa rawaya mai sheƙi, ka rage masa daraja, ba ƙari ka yi ba. Duk abin da ka cire daga cikin ukun nan, ko ya lalace, ka sa a leda ka rubuta sunan injin, don da shi za a gane madadinsa wata rana. Kuma kada ka ajiye su a kan siminti ko ƙasa mai danshi. Maganiziyam yana ruɓewa ya zama farin gari, ya huje ta ƙasan tanki. A kan katako, tanki a bushe.

In ka yi niyyar sa babban aiki, ka sani 070 ba shi da birkin sarƙa irin na injinan yanzu, nauyinsa ya haura kilo 10 kafin a ɗaura takobi, kuma in hancin takobi ya taɓa abu yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Ba injin koyo ba ne. Ka ba wanda ya saba, ka tsaya kana kallo tukuna. Sare bishiya kuma sai da takardar ma'aikatar gandun daji. A Gana tun 1998 doka ta hana tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji, madobiya kuma, wadda aka yi wa wawaso a Taraba, tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa, ta sa wa takunkumin fatauci tun 2017.

Ranar tayarwa, ka cire takobi da sarƙa ka ajiye gefe a tashin farko, amma ka tabbata kuloci da murfinsa suna ɗaure, kuma kada ka ba shi wuta sosai a haka. Fetur sabo, da man inji mai bugu biyu na masu sanyaya da iska. Da man Stihl na asali ma'aunin 50 da 1 ne, wato mililita 20 a lita. Da man da ba ka tabbatar da shi ba, 25 da 1, mililita 40 a lita. A galan ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tankin inji ba. Ka ajiye shi a ƙasa, ƙafa a kan hannun baya, ka ja cok, ka danna abin rage matsi, ka ja igiya har ya yi tari sau ɗaya, ka mayar da cok ka sake ja. In ya kama, ka bar shi a silo ya ɗumama, ka karkata shi hagu da dama kana sauraro. Muryar ta tsaya yadda take, robobinka sun zauna. Sai ka kashe, ka ɗaura sarƙa, ka cika tankin man sarƙa da mai mai tsabta, ba ƙonannen da aka juye daga mota ba, ka danna famfon hannu ka ga mai ya fito a takobi. Ka ba shi wuta cikakkiya na daƙiƙa biyu ba tare da itace ba: ana so a ji yana ɗan gurnani, kamar mai kakkaɓi, sannan in ya shiga itace muryar ta washe. In ya yi siririn ihu mai tsini tun a waje, mai ya yi masa kaɗan, ka kashe nan take ka buɗe H kwata. Tanki biyu na farko a kan ƙananan rassa, sannan ka sake kwance salansa ka leƙa fistin.